Mastas ko shiga kasuwa: abin da na faɗa wa ɗan yayata a Agege

Ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar ina gidan yayata a Agege, an shimfiɗa tabarma a baranda saboda ba wuta kuma ɗakin ya zama kamar tanda, sai ɗanta na fari wanda ya gama bautar ƙasa kwanan nan ya ɓallo maganar da ashe sun daɗe suna ƙus-ƙus ɗinta shi da uwarsa. Wai Ingila zai tafi ya yi mastas a maketin, har ya samu wani ejan a Ikeja da ya yi masa alkawarin admishan, abin da ya rage kawai a sayar da filin da babansu, Allah ya jiƙansa, ya bar musu a Kano a haɗa da ɗan abin da ke hannun Yaya a biya. Yaya kuwa ta riga ta hau ta zauna, dama akwai wata ƙawarta da kullum sai ta nuna mata hoton ɗanta cikin ƙatuwar rigar sanyi a bakin wani gini mai jan bulo. Sai aka juyo kaina, to Kawu me ka gani tunda kai ne a cikin harkar.

Na ce ni dai ban goyi baya ba, ba yanzu ba. Yaron ya haɗe rai, Yaya ta ce dama ta san haka zan ce, na yi nawa mastas ɗin ina hana ɗanta. Ta nan kam gaskiyarta, na yi, amma sai da na shekara bakwai ina bin motar kaya lungu-lungu a garin nan kafin na koma aji. Kuma na lura abin ba a gidanmu kaɗai yake ba, yaranmu da suka taso a Legas da waɗanda bautar ƙasa ta kawo suka maƙale, da an karɓi takardar gamawa sai ka ji mastas, kamar wata farilla ce da in ba ka yi ta nan take ba digirin ya ɓaci. In ka zaunar da yaro ka ce me kake son ka koyo a can wanda ba ka sani ba yanzu, sai ya fara kame-kame. Mafi yawa ba karatun suke nema ba, mafaka suke nema daga kunyar zaman gida da tambayar 'yan unguwa ta har yanzu ba a samu aikin ba.

Mu fara da shi kansa maketin ɗin, don mutanenmu da yawa da sun ji kalmar sai su ɗauka talla ce kawai, ko yaran nan na banki da ake turawa da rana tsaka su nemo masu buɗe asusu. Talla wani yanki ne a ciki. Aikin gaba ɗayansa shi ne ka san wa zai sayi kayan nan, a wane girma, nawa zai iya zarowa daga aljihu bai ji zafi ba, ta wace hanya kayan zai isa shagon da ke bakin layinsu, sannan me za ka faɗa masa da zai sa ya miƙa hannu ga naka ya bar na kusa da shi. A makaranta sun dunƙule wannan zuwa abu huɗu, kaya da farashi da wuri da talla, kuma wallahi duk ɗalibin da ke da kai zai haddace su a dare ɗaya. Amsar tambayoyin ce ba ta cikin aji, tana wurin matar da ke sari a Oke-Arin da mai tireda a Idi-Araba da mai shayin da ke kwana a kan tebur a Obalende.

Shi mai shayin ma ya isa misali. Indomie taliyar Indonesiya ce, an kafa masana'antarta a Ota can jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, amma je ka tambayi duk wani gwauro a Legas ina ya fi cin ta, zai ce maka wurin mai shayi, da ƙwai biyu da albasa da attaruhu. Wato ɗan uwanmu da ya zo daga Sakkwato ko Zindar da tukunyar shayi da kaskon suya shi ne wata babbar hanyar da kayan ke bi ya isa bakin mutane, kuma shi ke yanke hukuncin wace madara za a zuba, wane burodi za a yanka, wace taliya za a fasa. In ya ce wannan ba ta kumbura ko waccan tana caɓewa, shikenan ka rasa teburinsa da na abokansa goma, don su a tsakaninsu labari ya fi rediyo gudu. Haka Cowbell, a 1993 kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo da madarar gari a 'yar ƙaramar leda lokacin da manyan kamfanoni ke ganin madara sai a gwangwani, alhali talaka ba shi da kuɗin gwangwani, abin da yake da shi kuɗin shayin safiyar yau ne. Yau komai a leda yake, omo, tumatir, man goge baki, har man gyaɗa. Glo ma haka ta yi a 2003, lokacin da MTN da Econet ke cajin naira 50 a minti ko da sallama kawai ka yi ka kashe, sai ta zo da lissafin daƙiƙa, dole sauran suka bi. Duk waɗannan yanzu ana koyar da su a aji a matsayin darasi, amma fa sai da wani ya tsaya ya kalli yadda mai ƙaramin ƙarfi ke ƙirga kuɗinsa tukunna.

Ni watana na farko a bayan motar kaya na koyi abin da shekara huɗu a jami'a ba ta faɗa min ba, maganar canji. Muna da wani kaya mai kyau, ya fi na abokan hamayya, amma farashin da aka yanka a ofis ya faɗa tsakanin kuɗi biyu ta yadda duk wanda ya saya sai mai shago ya nemo masa canji. Wata dattijuwa Bayarabiya a Mushin ta kalle ni ta ce ɗana kwashe kayanka, ba zan riƙa zaga layi neman canji saboda ku ba. A takarda farashin daidai yake, an lissafa riba an lissafa komai, amma a kasuwa matacce ne. Daga nan na fara gane cewa mai shago bai damu da kyan tallarka a talabijin ba, tambayarsa uku ce, nawa zan samu a katan, kwana nawa zai yi kafin ya ƙare, in ya lalace wa zai ɗauka. Na koyi wa ake ba bashi da wanda in ka ba shi sai dai ku haɗu a lahira, na koyi cewa dila zai iya karɓar kaya da yawa ƙarshen wata don ya taimake ka ka cika taget sannan ya jibge su a sito wata biyu ba su motsa ba, kai kana ofis ana tafa maka alhali ko ɗaya bai shiga gidan kowa ba. Wannan duk sai da rana ta dake ni a gosulon Oshodi na sani.

Akwai wani abu da ba na mantawa. Wani kamfani da na taɓa yi wa aiki sun kawo mana sabon manaja, yaro mai hankali da ladabi, ya dawo daga waje da mastas ɗinsa, Turanci kamar ruwa, in ya haska allo a ɗakin taro sai ka ji kamar ka sayi kayan da kanka. Ya tsara mana fita ɗanɗana wa mutane sabon abin sha a unguwannin da Hausawa suka fi yawa, Agege da Mile 12 da Alaba Rago, an buga riguna an ɗauki 'yan mata an yi hayar mota mai lasifika, ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Da na duba kwanan watan sai na ga tsakiyar azumi ne. Na ɗaga hannu na ce ranka ya daɗe wa zai ɗanɗana? Aka yi tsit. Ba wai shi wawa ba ne, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, kawai bai taɓa tsayawa a Mile 12 da azahar ɗin watan Ramadan ya ga yadda 'yan dako ke kwance ƙarƙashin tirela suna jiran magariba ba. Muka mayar da shi lokacin buɗa baki a bakin masallatai, da ƙanƙara, kuma a ranar farko kayan suka ƙare kafin a yi isha'i. Don Allah kar wani ya ɗauka ina yi wa masu karatun waje dariya ne, mutumin nan daga baya ya koya min abubuwa da yawa, amma ranar dai ɗan bin mota ne ya ceci kuɗin kamfani.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi son yaranmu su gane. Kusan duk manyan kamfanonin kayan masarufi da na waya da bankuna hedikwatarsu na Legas, a Ikeja ko Ilupeju ko Apapa ko tsibiri, amma kasuwar Arewa ba wanda zai iya kau da kai daga gare ta, Singa da Kwari da Dawanau kaɗai sun isa, ga kayan da ke tsallakawa Nijar da Chadi. A ɗakunan da ake yanke shawarar me za a faɗa wa Bakano ko Basakkwace, sau da yawa ba ko mutum ɗaya da ke jin Hausa. Shi ya sa kake ganin allon talla a kan titin Zariya da Hausar da ba a san daga wace duniya ta fito ba, an ɗauki Turanci an zuba a na'ura ta juye an buga, ko ka ji talla a rediyo an sa wata murya tana karanta Hausa kamar ana tauna tsakuwa. Yaron da ya taso a Agege yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci da burokin, ya san abin da zai ba mutanenmu dariya da abin da zai ɓata musu rai, ya san ba a nuna mace da wata irin shiga a allo a Gusau, to wannan yana riƙe da abin da ba a sayarwa a kowace jami'a ta Ingila. Sai ya bar wannan ya tafi ya koyo yadda ake sayar da kofi ga Turawa?

Yanzu mu zo kan kuɗi, wanda shi ne ya sa Yaya ta yi shiru na ɗan lokaci. Mastas na shekara ɗaya a Ingila ga ɗan waje, kuɗin makaranta kaɗai yawanci daga fam dubu 15 ne zuwa dubu 25, wasu makarantun sun wuce haka sosai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, fam kuma ya je yana wasa a wajen naira dubu biyu. Yi lissafin da kanka, miliyan 30 zuwa 50 kafin ka ci abinci, kafin haya, kafin kuɗin jirgi da biza da harajin lafiyarsu na fam 776 a shekara. Kuma ƙofar da mutane ke hange tana ta ƙara tsukewa, tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya, sannan izinin zama neman aiki bayan gamawa da yake shekara biyu sun ce zai koma wata 18 daga Janairun 2027. In niyyarka japa ce, wato barin ƙasar gaba ɗaya, to ka faɗa kai tsaye cewa japa za ka yi, mu tattauna wannan daban, kar a lulluɓe ta da rigar neman ilimin maketin. Don da yawa daga waɗanda suka tafi da sunan maketin aikin kula da tsofaffi ko ɗaukar kaya a sito suke yi, ba laifi ba ne aikin halal ne, amma ba shi aka sayar da filin gado dominsa ba.

In kuma ya dawo, nan ne abin ke da ciwo. Zai dawo da takarda mai kyau da sifili a wurin gogewa, ya tarar kamfani ba zai ba shi manaja ba don bai taɓa sayar da ko ashana ba, shi kuma yana ganin ya wuce matakin farawa. Ga kuma maganar shekaru, bankuna da manyan kamfanoni da yawa in za su ɗauki sababbin ma'aikata don horarwa sai ka ga sun rubuta kar ka wuce 26 ko 27. Ɗan yayata 25 gare shi yanzu, ASUU ta riga ta ci masa wata takwas a 2022 ban da na 2020. Kafin ya gama shirin tafiya ya je ya dawo ƙofar ta rufe. Abokinsa da ya shiga aiki yau, ko da albashin bai fi alawus ɗin bautar ƙasa na dubu 77 da wani abin kirki ba, nan da shekara biyu yana da yanki a hannunsa da lambobin diloli ɗari a waya, kuma shi za a sa ya koya wa mai mastas ɗin hanya.

Mastas na gida fa? Ya fi sauƙin kuɗi ba shakka, ga UNILAG a Akoka ga LASU a Ojo, ana iya yi da yamma ko ƙarshen mako. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wasu malaman takardun da suka koyar da su shekara goma sha biyar da suka wuce su ne dai har yau, harkar kuwa ta yi gaba. Yau rabin aikin a waya yake, Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp, yadda za ka saita talla ta isa matan Kano masu shekara kaza kawai, yadda za ka san nawa kowane mai saye ya ci maka. Waɗannan Google da Meta da HubSpot suna koyar da su a intanet, da yawa kyauta, data kawai za ka saya. Ni in ina cikin masu yi wa yara intabiyu ba na daɗewa a kan shafin makarantu na sibi, cewa nake nuna min abin da ka taɓa sayarwa. Wata yarinya ta taɓa zuwa da digirin Hausa ma ba maketin ba, ta buɗe waya ta nuna mana yadda take sayar da turaren wuta da humra na mamanta, ta gwada hoto iri biyu ta ga wanne ya fi kawo saƙo, ta gane cewa masu saye sun fi yawa bayan isha'i, ta san nawa take kashewa kafin ta samu kwastoma ɗaya. Akwai masu mastas biyu a layin ranar. Ita muka ɗauka, ba wanda ya yi musu.

Kuma duk wanda yake cikin kasuwa daga 2023 zuwa yau ya yi wani mastas ɗin da ba takarda. Farkon shekarar aka shiga wahalar takardun naira bayan canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki, sai ga mai nama da mai lemo da mai shayi duk sun rataya lambar asusu, OPay da Moniepoint da PalmPay suka kwashe kasuwa cikin 'yan watanni don su turawarsu na shiga lokacin da na manyan bankuna ke maƙalewa. Ita OPay ɗin ma ai da babura aka fi saninta a garin nan kafin gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan unguwanni a Fabrairun 2020, ta juya ta kama harkar POS. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin dakon kaya ya ninka, GSK mai yin magunguna ta ce ta tattara, P&G mai yin omo da kunzugun yara ta ce ta daina sarrafa kaya a nan sai dai ta shigo da su, tsadar kaya ta kai sama da kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Muna canza farashi sau biyu a wata, muna rage girman leda don kar a taɓa farashin da mutane suka saba, muna kallon uwar gida ta bar kayan da ta shekara ashirin tana saye ta koma wanda ba ta taɓa jin sunansa ba. Wanda ya tafi karatu a wannan tsakanin ya dawo ya tarar da wata ƙasa daban.

To amma kar in cika ku da gefe ɗaya, don akwai ranar da ni ma kaina ya bugi rufi. Bayan shekara bakwai na san kasuwa kamar tafin hannuna, amma aka fara shigar da ni taron da ake maganar kasafin shekara, mai kula da kuɗi ya jefo tambaya, in muka kashe miliyan kaza a rediyo ta yaya za ka tabbatar min shi ne ya ɗaga ciniki ba Sallah ce ta zo ba? Sai na ji bakina ya mutu. Na san amsar a jikina amma ba ni da hanyar da zan ɗora ta a kan alƙaluma. Sau biyu ana tsallake ni a ƙarin girma. Nan na koma aji, ranakun Asabar da Lahadi, ina fita daga gida tun asuba in dawo wujiga-wujiga, kuma abin da ya amfane ni ba darasin maketin ba ne, lissafin ƙididdiga ne da akanta da yadda ake tsara bincike. Bambancin shi ne duk abin da malami ya faɗa ina da inda zan rataye shi, in ya yi maganar yadda ƙarin farashi ke rage saye sai in tuno dattijuwar Mushin, in ya kawo wata ƙa'idar da ba ta aiki a nan in ɗaga hannu in ce malam a Balogun ba haka abin yake ba. Yaran da suka shigo ajin kai tsaye daga bautar ƙasa kuwa rubutu kawai suke yi, su haddace su zuba a jarrabawa, wasu ma sun fi ni maki. Kuɗi ɗaya muka biya amma ba abu ɗaya muka saya ba.

Shi ya sa ba na son maganar nan da wasu 'yan majalisar hirarmu ke yi cewa ai Dangote bai yi mastas ba, karatu ɓata lokaci ne. Haba malam. Na farko mutumin ya yi digiri a Azhar ta Alƙahira, na biyu jinin gidan Ɗantata ne, ya zo Legas a ƙarshen shekarun 1970 da jarin da danginsa suka ba shi, kai wa ya ba ka? Na uku je ka duba waɗanda ke riƙe masa matatar Lekki da kamfanin siminti ka ga ko da dabarar kasuwa kaɗai aka ɗauke su. Mu Hausawan Legas in ma akwai ciwon da ya fi damunmu to wannan ne, gogewa har ta yi yawa takarda ce babu. Tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa kakanninmu ke Agege, mu ne a tumatir da albasa na Mile 12, mu ne a shanun Oko-Oba, mu ne a canji, akwai dattijon da zai kalli tirelar albasa ya faɗa maka farashin jibi kuma haka za a yi, amma in kamfani na neman manajan yankin Arewa sai a ɗauko wani da ko sannu bai iya ba, saboda shi ke da takardar da Excel. Kuma gogewar ma iri-iri ce, wani ya shekara goma a aiki amma shekara ɗaya ce yake ta maimaitawa, hanya ɗaya shaguna ɗaya, bai taɓa tambayar me ya sa ba. Irin wannan ba abin da zai nuna wa mai mastas.

Akwai kuma waɗanda ni da kaina zan ce su wuce kai tsaye. Wanda koyarwa a jami'a yake so, wannan ba shi da zaɓi, sai mastas sai dakta. Wanda aikin gwamnati ya sa a gaba, can takarda na da matakinta. Wanda ya samu tallafin karatu cikakke ba sisinsa, Allah ya sa albarka, kama hanya. Sai kuma 'yan matanmu, a nan kam ina sassautawa, don mun san yadda abin yake, yarinya ta gama bautar ƙasa ana maganar aure, in ta ce bari sai na yi aiki shekara huɗu in koma, kafin lokacin ga goyo ga miji da ƙila ya yarda ƙila ya ƙi, ga gosulon Legas da zai cinye mata awa huɗu a rana. In tana da dama yanzu a gidan ubanta kuma ba sai an sayar da gado ba, ta yi abinta, amma ta riƙa sayar da wani abu a gefe ko da atamfa ce a WhatsApp, don hannunta ya saba.

Abin da ya ba ni dariya shi ne su kansu masu ba da karatun sun yarda da maganata. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya da ke biyan komai har kuɗin jirgi, ba sa ma duba takardarka sai kana da gogewar aiki ta shekara biyu. Manyan makarantun MBA, wato mastas ɗin gudanar da kasuwanci, haka suke, su ma Lagos Business School da ke hanyar Ajah shirinsu na manyan ma'aikata sai wanda ya daɗe yana aiki, don rabin abin da kake biya a irin wannan ajin mutanen da ke zaune kusa da kai ne, wannan daga banki wancan daga kamfanin waya, kowa da abin da ya gani, to kai in ba ka ga komai ba me za ka ajiye a faifan? Ga kuma takardun ƙwararru da ake yi ana cikin aiki, na cibiyar maketin ta ƙasa NIMN, da rajistar ARCON ga mai son harkar talla, hukumar da ta gaji APCON a 2022 wadda ita ke tantance talla kafin a sake ta. Wasu kamfanonin ma in ka daɗe ka nuna ƙwazo su za su biya maka wani kaso na karatun.

Duk wannan na zazzage musu a barandar nan har aka kira magariba. Yaya ba ta ce na yi gaskiya ba, ita dama ba ta taɓa cewa, amma da muka dawo daga masallaci sai ta ce a bar maganar filin tukunna. Na kira wani dila da muka daɗe tare a wajen Ojota, mai rarraba kayan sha da biskit, ya ce yana neman yaron da ke jin Hausa da Yarbanci da zai riƙe masa shagunan Ketu zuwa Mile 12, albashin ba yawa sai ɗan kamisho in an wuce taget. Yaron ya tambaye ni ko akwai ofis da esi, na ce akwai mota mai taya huɗu da direba mai yawan magana. Ya ce Kawu wata shida zan yi in gani, in bai yi min ba zan dawo kan maganar Ingila, na ce na yarda amma ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk abin da mai shago ya faɗa maka in ya ƙi karɓar kaya. Litinin ƙarfe shida da rabi ya kamata ya isa sito, tun jiya uwarsa ke kirana tana tambaya wai ko za a bar shi ya riƙa zuwa da kular abinci.